Waƙar Illo da Aka Kulle

Dogon Dutsi, watan Sha'aban

Luƙman ƙanena,

A rumfar Rabilu mai tura waƙoƙi na gane abin da ya faru. Ina tsaye bakin kasuwa, salular marigayi tana hannunsa, sai ya juyo mani da fuskarta ya nuna da farce. Sunayen waƙoƙin duka suna nan a jere, amma gefen kowace akwai ɗan hoton kwaɗon ƙofa. Ya ce mani wannan ba irin wadda ake turawa a memori ba ce, an saye ta ne, masu ita kuma sun kulle. Na ce ai mai ita shi ne mijina, kuma ya rasu. Ya ce to shi kenan, ba shi da mabuɗi. Ya miƙo mani ita ya juya ga wani mai son waƙar Indiya.

Ka gafarce ni, na fara da damuwata ban gaishe ka ba. Ina kwananku, ina aiki, yaya zafin Yamai? Ina fata kai da matarka kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Fadila ta yi tari amma ta warke, ta koma lakwal wurin karatu. Na gode da zuwan da ka yi gaisuwa. Innarka da innata 'ya'yan wa da ƙani ne, ba mu cika haɗuwa ba sai biki ko makoki, amma ban san kowa mai gyaran salula ba wanda zan iya faɗa wa wannan magana sai kai.

Kai ka san Illo yana kabu-kabu da babur. Kana yaro lokacin da yake goge tare da babansa a Matankari, ba lallai ka tuna ba. Wata shekara wasu mutane suka zo da mota da na'urori suka ɗauki kiɗan tsohon. A ciki akwai waƙa ɗaya da Illo shi kaɗai ya yi, muryarsa da gogensa, ba waƙar iska irin ta bori ba ce, innarsa ya yi wa. Bayan tsohon ya rasu, Dalhatu yayan Illo ya matsa masa ya bar kiɗa, ya bari, ya sayar da gogen, muka dawo Dutsi. Bara waccan wani ya nuna masa ana sayar da waƙoƙin a cikin salula, a wani abu mai alamar jar ƙwarya. Ya saya da guminsa. Da safe in ina dama kunu yakan kunna ta ƙasa-ƙasa ya aje bisa tabarma, Fadila ta kwanta kusa tana saurare, shi kuma yana ta dariya yana cewa wai yaron da ke waƙar bai iya ba.

Ranar da aka kawo mani kayansa daga bakin hanyar da ya yi haɗari, na naɗe salular cikin hularsa na sa a ƙasan akwati. Ina takaba, ban ga ya dace in kunna goge ba, kuma ban yarda da kaina ba in na ji muryar. Na ce in na fita takaba mu zauna ni da Fadila mu ji. Da na fita na kai ta caji, na kunna, sai ta ƙi. Wani rubutu na Faransanci yake fitowa, karatuna bai kai in gane shi duka ba, na dai ga yana maganar kodi.

Ga ta nan na ba Abdullahi direba, tana cikin hular. Ka buɗe mani, ka zuba waƙar a memori in sa a ƙaramar rediyona. Kada ka kira ni a kan wannan magana, katanga ɗaya ce tsakanina da ɗakin Dalhatu, ko tari na yi sun ji. Ka rubuto ka ba Abdullahi. In kuma ka zo gida, kada ka tada zancen gaban mutane.

Ka gaida matarka.

Yayarka,
Zubaida

*

Dogon Dutsi, bayan Ƙaramar Sallah

Luƙman,

Barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibada. Muna lafiya. Zafi ne kawai ya dame mu, ruwan famfo sai da asuba.

Azumi ya shigo ya fita ban ga takardarka ba. Duk ranar kasuwa ina zuwa tasha, Abdullahi ya ce ya ba ka saƙon hannu da hannu, kuma ba ka ba shi komi ba. Har na fara jin kunyarsa.

Ka zo Sallah. Na gan ka da idona ka shigo gidanmu, kun zauna kai da Dalhatu a zaure har shayi ya ƙare. Ka leƙo ka ce mani ina wuni, ka ba Fadila goron Sallah, ka tafi. Ban ce ka yi maganar gaban mutane ba, ni na hana, amma ko ƙyafta ido ba ka yi mani ba.

Bayan tafiyarka Dalhatu ya aiko matarsa tana tambaya ina salular marigayi, wai za a raba gado bayan Babbar Sallah, kuma tana cikin kayan da za a yi wa ƙima a sayar. Tun rasuwar bai taɓa tambayarta ba. Wa ya tuna masa?

Akwai wani abu kuma. Ina da wata ɗabi'a da ban gaya wa kowa ba. In abin ya taso mani nakan kira lambar marigayi da 'yar salulata, in ji matar nan ta kamfani tana cewa a kashe take, in aje. Har cikin azumi haka take cewa. Shekaranjiya na kira sai ta yi ƙara, wani namiji ya ɗauka ya ce, "Wa ke magana?" Na kashe, na daɗe zaune bakin murhu.

Salular tana hannunka, layin yana cikinta. Wa ka ba? Ka gaya mani gaskiya ko ba daɗi. Na san masallacin da kake sallah, na san abin da ake faɗa can a kan goge. In ka goge waƙar don kana ganin taimakonsa ka yi, ka faɗa mani, in san kukan da zan yi.

Zubaida

*

Yamai, watan Shawwal

Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan ke da Fadila kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, sai dai matata tana fama da laulayi. Takardarki ta biyu ta iso, na karanta ta a shago na kasa ci gaba da aiki.

Ban goge komi ba, ban ba kowa layin ba. Salular tana cikin hular a durowar da nake kullewa, katin layin yana cikinta. Ki bari in yi maki bayani daki-daki.

Waƙoƙin suna cikin salular, amma a dunƙule suke, ba abin da ke iya karanta su sai aplikasiyon ɗin da ya sayar da su, abin nan mai jar ƙwarya. Na kwafo su a ordinater, wato kwamfuta, sun fito kamar tarkace, ba sauti. Shi aplikasiyon ɗin yana so lokaci-lokaci ya shiga intanet ya tabbatar mai saye yana nan. Da ya daɗe a akwati bai shiga ba, sai ya kulle, yana neman a sake shiga konti ɗin marigayi Illo, wato rajistar da ya yi sayen da ita. Shigar kuma sai da kodi, kodin kuma ta saƙo ake turo shi ga lambarsa.

Ga inda matsalar take. Layi in ya daɗe ba a kira da shi, ba a sa masa kuɗi ba, kamfani yana rufe shi, in aka ƙara daɗewa su sayar wa wani. Katin da ke cikin salular ya mutu. Mutumin da ya ɗauki kiranki shi ne sabon mai lambar, ba ni na san shi ba. Na je ajans, ofishin kamfanin layin, bayan Sallah, suka ce lambar ta riga ta fita, ba su dawo da ita, ba su kuma faɗin sunan wanda ya saya.

Na ce to in sake sayen waƙoƙin da kontina. Na duba, an cire su daga kasuwar, wai yarjejeniyar masu ɗaukar da masu sayarwar ta ƙare. Wanda ya saya tun da can ne kaɗai ke iya ji. Na rubuta wa kamfanin waƙar na tambaye su abin da ake yi in mai konti ya rasu. Suka amso da cewa abin da mutum ya saya izinin saurare ne na shi kaɗai, ba a gadonsa, in suka samu shaidar rasuwa ma rufe kontin suke yi.

Maganar Dalhatu, wallahi ban tada zancen salula da shi ba. Maganar fili muka yi da ta tsadar siminti. Ke kika ce kada in nuna komi gaban mutane, matarsa kuma tana tsaye bayanki lokacin da na leƙo.

Yaya, ki yi haƙuri. Abin da ya fi amfanar mamaci addu'a ce. Allah Ya sa barin kiɗan da ya yi ya zama sanadin rahama gare shi, Ya haskaka kabarinsa.

Ƙanenki,
Luƙman

*

Dogon Dutsi, ƙarshen Shawwal

Luƙman,

Na samu takardarka. Allah Ya ba matarka lafiya, Ya sauke ta lafiya. Ka sa ta riƙa shan kunun tsamiya da safe, ni shi ya taimake ni. Fadila tana gaishe ka.

Na karanta sau da yawa, wasu wuraren na bi da yatsa. Amin ga addu'arka. Amma mi ya kawo barin kiɗa a ciki? Ni ban tambaye ka ko kiɗan da ya yi laifi ne ba. Wanda ya rubuta wannan layi, ta yaya zan san ya yi iyakar ƙoƙarinsa a kan goge? Kalmar da Dalhatu ya faɗa ke nan ranar addu'ar uku, kusan baki ɗaya.

Maganar kamfanin ban gane ta ba, ko in ce na gane ban yarda ba. Babur ɗin da ya saya, da ya lalace ma ana gadon ƙarfensa. Tunkiyarsa tana nan ɗaure, za a raba. Waƙar da ya yi da bakinsa, ya kuma saya da guminsa, ita ce ba a gado? Rabilu yana cika wa mutane memori da waƙoƙin duniya duka, ba wanda ya saya, ba wanda aka kulle wa. Marigayi da ya bi ta ƙofa shi aka rufe wa ƙofa. Da sata ya yi da yanzu muna ji.

Kuma ka tsorata ni. Ka ce in suka san ya rasu rufewa suke yi, ka ce kuma ka rubuta masu. Ka faɗa masu sunansa? Ka ba su lambar? In ka ba su, to kai ka rufe da hannunka, ko da nufi ko ba da nufi ba.

Ga tambayar da ta fi damuna. Ka ce ka je ajans bayan Sallah. Ni kafin azumi na aiko maka. Cikin azumi lambar ba ta hannun kowa, ni shaida ce, ina kira. Da ka je a lokacin da takardar rasuwa, da ba su ba mu ba? Ina salular take duk tsawon watan? Ban yi karatu mai zurfi ba, a aji na shida na tsaya, amma na san bambancin kafin da bayan.

Na san nawa laifin, ba sai an gaya mani ba. Ni na sa ta a akwati. Ba wanda ya taɓa ce mani layi ma yana mutuwa in mai shi ya mutu. Ni dai takaba na yi yadda aka koya mani.

Jiya Fadila tana wanke kwanoni tana ƙoƙarin rera waƙar, ta kai tsakiya ta tsaya, ta ce mani, "Inna, daga nan ya ake yi?" Na buɗe baki na ga ni ma ban tabbata ba. Ta ce muryar Baba siririya ce ko mai kauri? Shekararta bakwai. Ba mu da shi a ko'ina, Luƙman. Ba mutum ne mai aika saƙon murya ba, sai dai ya kira ya ce ga shi nan tafe.

Na gaya wa matar Dalhatu salular tana wurin gyara. Ban yi ƙarya ba. Amma Babbar Sallah tana matsowa, in aka sayar da ita mai saye wanke ta zai yi.

Ka amsa mani abin da na tambaya, kada ka zagaya.

Zubaida

*

Yamai, watan Zulƙida

Yaya Zubaida,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Matata ta ji sauƙi, ta ce a gode maki, kunun ya karɓe ta.

Ban ba kamfanin suna ba, ban ba su lamba ba. Tambaya kawai na yi kamar wani can, da adireshina. Kontin yana nan a buɗe daga wajensu, na tabbata, don in na sa lambar yana cewa ya tura kodi.

Addu'ar da na yi ban yi ta don in soke ki ba. Abin da na yi imani da shi ne, da ubana ne ma haka zan ce. Marigayi Illo ya taɓa ɗauko ni daga Dumega cikin ruwan sama ya ƙi karɓar ko sisi, ban manta ba.

Maganar azumi. Da salular ta iso na kunna na ga kwaɗon, na ɗauka aikin yini ɗaya ne, na ce in bari watan ya wuce. Shago ya cika da aiki, kuma ban so in wuni ina jin goge da azumi a bakina ba. Ban san layin yana kan gaɓa ba. Ba zan rantse maki cewa da na je a lokacin da ba a samu ba. Ban sani ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

A cikin takardar nan akwai memori naɗe a leda. Na yi ta nema har na samu wani shafi da ya taɓa tallar waƙoƙin, sun bar ɗan ɗanɗano na kowace, gajere ƙwarai. Na kunna na waƙarsa na ɗauka da wata salula. Na yi ta maimaitawa don hayaniyar kasuwa tana shiga, sai da na rufe shago da rana tsaka na samu mai kyau. Maƙwabcina yana ta yi mani tsiya wai ustaz ya koma gidan bori. Ki sani tun yanzu, gogen ne kawai, ba ta kai wurin muryar ba.

Hanya ɗaya ta rage. In na nemi kodi, yana zuwa ga sabon mai lambar. In ya karanto mana shi nan take, kontin ya buɗe, in kunna waƙar in ɗauke ta da wata salula yadda na ɗauki wannan, a zuba a memori goma in kina so. Na kira shi na yi masa bayani, ya zage ni ya kashe, yanzu kirana ba ya shiga. Wataƙila ke mace ya saurare ki. In ya yarda, ki sa mani rana da lokaci ta hannun Abdullahi, in zauna da salular a hannu.

Ban ce ki daina fushi da ni ba.

Ƙanenki,
Luƙman

*

Dogon Dutsi, kafin Babbar Sallah

Luƙman ƙanena,

Ina gaishe ka da iyalinka. An yi ruwan farko, mutane sun fita shuka, garin ya yi sanyi. Muna lafiya.

Memorin ya iso. Na jira ranar da Dalhatu da matarsa suka tafi gona, na rufe ƙofa, na sa a rediyo, muka zauna bisa tabarmar ni da Fadila. Gogensa ne. Na gane hannunsa tun jan farko, yana da wata 'yar rawa da yake sa wa igiyar a ƙarshe, babansa ba ya yin ta. Ya ja, ya ja, ya sassauta. Sai aka ji ya ja numfashi zai fara. Nan ta yanke.

Fadila ta dubi rediyon ta dube ni, ta ce batir ne? Na ce a'a, iyakarta ke nan. Ta ce in sake. Mun sake har rana ta yi tsaka. Yanzu ita da kanta take kunnawa, in an kai wurin numfashin sai ta ja nata tare da shi. Na gode, Luƙman. Na san abin da rufe shagon nan ya ci maka a zuciya.

Na kira mutumin. Sunansa Salman, albasa yake sayarwa a kasuwar Ƙonni, shi ya faɗa da bakinsa yana gaya mani ba shi da lokacin 'yan damfara. Na yi masa sallama, na ce lambar nan ta mijina ce da ya rasu, akwai wani saƙo da zai shigo, lambobi ne kawai zai karanto mani. Ya yi dariya. Ya ce an taɓa yi masa haka, wata mai kuka kamar ni, ya karanta mata, kafin ya aje salula an kwashe abin da ke cikin layinsa. Ya ce ko a rediyo ana faɗa kullum kada a ba kowa kodi. Na ce ba dukiyarka nake so ba, waƙa ce. Ya ce wannan sabuwa ce, bai taɓa jin irinta ba, ya kamata a ba ni kyauta.

Na rantse masa da Allah. Ya ce, "Baiwar Allah, waccan ma ta rantse. Ni ban gan ki ba, ta ina zan sani?"

Da ni ce shi ban san ko zan karanta ba. Na ce in na zo ka gan ni fa? Na ji ana cinikin buhu a bayansa. Ya ce kasuwa ta kowa ce, bai hana kowa zuwa ba, amma bai yi mani alkawari ba. Bai toshe lambata ba, na gwada da safe ta shiga, na kashe kafin ya ɗauka.

Saboda haka ga abin da nake so. Kada mu yi ta daga nesa. Ka ba Abdullahi salular cikin hularta, da caji a cike, ka rubuta mani a takarda inda zan taɓa da inda zan sa lambobin, da manyan baƙaƙe. Ka koya mani yadda ake ɗauka da wata salula, zan ari ta Rabilu. Zan tafi Ƙonni ranar kasuwa da Fadila, da takardar rasuwa, da hoton aurenmu, da rediyon. Zan kunna masa gogen har wurin numfashin, ya ji inda ta yanke. In ya ƙi bayan haka, ya ƙi.

Dalhatu ya tsayar da rabon gado mako na biyu bayan Sallah, ya ce a kawo salular ko an gyara ko ba a gyara ba. Na ce to. Ban gaya masa zancen Ƙonni ba, zan ce gaisuwar mara lafiya za ni. Har yanzu ban san wa ya tuna masa da ita ba. Ka ce ba kai ba ne, na ji.

Amsarka a kan azumi na karɓe ta yadda ka ba ni. Ba zan ce ta wanke mani zuciya duka ba, wani lokacin in ina tankaɗe sai ta dawo. Ni na aje ta wata huɗu don takaba, kai ka aje ta wata ɗaya don azumi, kowa yana ganin daidai yake yi. Naka watan ne dai na ƙarshe, shi ya sa ya fi yi mani ciwo. Ka bar ni da shi tukuna.

Kada ka jinkirta wannan karon. Abdullahi yana tasowa daga Yamai ranar Laraba.

Salular tana wurinka, kodin yana wurin Salman, ban je Ƙonni ba tukuna. Fadila ba ta ji muryar babanta ba.

Yayarka,
Zubaida